Daga Ajin Jami'a Zuwa Bagega: Aikin Da Ke Jiran Masu Digiri A Yammacin Zamfara

Duk ɗalibin da ya fito daga Anka, Bukkuyum ko Gummi ya san hanyar da ta tashi daga mahaɗar Mayanci, ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas, ta dire Gummi. A shekarun nan ba a hawanta da duku-duku, ba a kuma yarda magariba ta riski mutum a kanta. Kafin a shiga mota sai an buga waya an tambayi lafiyar hanya, in an sauka kuma sai an kira gida an ce an isa. A kan wannan hanya samari da 'yan matan yankin suka yi ta kai da kawowa zuwa jami'o'in Sakkwato, Gusau, Zariya da Kano, da ta jiha da ke Talatar Mafara. Bana wasu daga cikinsu sun ajiye biro, har da ni. Ni ɗan ƙasar Bukkuyum ne, kuma tattalin arzikin noma da aikin malamin gona na karanta.

Duk wanda ya zo yi mini barka tambayarsa ɗaya: Abuja za a nufa ko Kaduna, banki ko kwastan? Ban ga laifin kowa ba. Uban da ya sayar da hatsi da rago ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya sa ran ganin albashi mai kauri. Idan na ce aikin tsara manufofin raya karkara nake so, sai a ɗan yi shiru, wasu ma su zaci takarar kansila nake shirin fitowa. Abin da nake nufi shi ne aikin mutumin da ke tsaye tsakanin takardar gwamnati da ƙauye. Ya san abin da ke damun mutane da adadinsa, ya rubuta shi yadda zai shiga kasafin kuɗi, ya bi sawun kuɗin har su isa, sannan ya koma bayan shekara ya duba ko aikin ya yi amfani. A ganina rashin masu wannan aiki ya ci rayuka a yammacin Zamfara fiye da yadda muke lissafawa.

Karatun da ya miƙe

An ce mana karatun noma shekara 5 ne. Annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, yajin aikin ASUU kuma ya ci daga Maris har Disambar shekarar. A 2022 aka sake shiga wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Tsakanin waɗannan biyu, a Satumbar 2021, aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka. Ɗalibin da ke Zariya ko Sakkwato sai ya yi makonni bai ji muryar mahaifiyarsa ba, wanda zai turo masa kuɗin abinci kuma sai ya tsallaka wata jiha kafin ya sami sabis. A Fabrairun 2021 an kwashi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Satumbar 2023 kuma aka shiga Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, aka ɗauki ɗalibai mata daga ɗakunan kwanansu. Na san gidajen da tun daga lokacin suka ce 'ya'yansu mata sun gama boko.

Watannin yajin aikin a gona na yi su, kuma a can na ga giɓin da ke cikin littattafanmu. A aji an koya mana lissafin kuɗin da manomi ke kashewa: iri, taki, maganin feshi, ƙwadago, hayar gona, kuɗin mota zuwa kasuwa. Babu layin da aka ware wa harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a yi shuka, su kuma sake ɗora wani kafin a yi girbi. Babu inda aka nuna yadda gonakin da ke nesa da gari suka koma daji, na bakin gari kuma hayarsu ta yi tsada har talaka ya kasa kamawa. Duk shirin tallafin noma da aka tsara ba tare da wannan lissafi ba, an tsara shi ne don wata Zamfara dabam.

Amma jami'a ta ba ni abin da ba zan mance ba. Wani malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, ya sa mu karanta binciken da David Norman ya yi daga Jami'ar Ahmadu Bello a ƙauyukan kewayen Zariya tun ƙarshen shekarun 1960. A lokacin masana na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne, suna ta kiran manomi ya riƙa shuka abu guda. Norman da ma'aikatansa suka bi gidaje damina da rani suna rubuta abin da aka shuka, da aikin da aka yi, da abin da aka girba. Lissafi ya nuna manomin ne ke da gaskiya: haɗin ya fi kawo riba a kan kowace eka, kuma idan ruwa ya yi gardama ba a tashi a tutar babu. Mun kuma karanta aikin Polly Hill a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda ya fito a 1972, inda ta nuna cewa mutanen ƙauye ɗaya ba ƙarfinsu ɗaya ba: mai ƙaramin ƙarfi yakan sayar da hatsinsa da kaka a kan araha, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina. Waɗannan mutane sun zauna ne sun saurara sun ƙirga kafin su buɗe baki.

Sai kuma Bakolori, wadda ke nan cikin shiyyarmu ta Zamfara ta Yamma. An kammala madatsar a 1978 a kan Gulbin Sakkwato da niyyar bunƙasa noman rani. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, maganar diyya ta yi tsami, manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da suke noma da ita. Da suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, aka tura musu 'yan sanda a Afrilun 1980. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Injiniyoyin da suka zana madatsar sun san aikinsu. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tambayi mai gona tun kafin a kafa harsashi.

Abin da ya faru a Bagega

Ina yaro lokacin da gubar dalma ta ɓulla, amma babu ɗan yankinmu da bai tashi da labarin ba. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi ta hawa, har ya haura dala 1,200 kowane oza a 2010. Manoman da noma bai riƙe su ba suka koma ramukan haƙar zinare. Dutsen da ake haƙowa a wasu wuraren yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, kuma ba wanda ya sani. Ana kawo shi cikin gida, a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi tukwane da rijiyoyi, ta bi hannun yaron da ke rarrafe yana kai komai baki. Yara suka fara amai da jijjiga, suna mutuwa cikin kwanaki.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka fito sa ido kan sanƙarau, suka ji labarin yawan mace-macen. An fara ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, sai da aka gwada jini aka gano dalma ce. Garuruwan da abin ya fi shafa su ne Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a Anka. Sama da yara 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu, wasu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Tambayar da ke ci mini rai ita ce: kafin baƙi su zo, makabartu na cika da ƙananan kaburbura, ina rajistar da ya kamata ta nuna wa hukuma cewa yaran gari kaza na mutuwa fiye da kima? Da akwai mai rubuta haihuwa da mutuwa a kowace gunduma, yana miƙa wa wanda zai karanta, da an farga da wuri.

Maganin yana da sharaɗi. Akwai ƙwayar da ke fitar da dalma daga jini, amma ba ta da amfani idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke cike da guba. Dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida, an kwashe an binne a rami na musamman, an zuba sabuwa. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan muhalli na jiha da matasan garuruwan, sun yi wannan aiki a garuruwa 7 tsakanin 2010 da 2011. Masarautu da hakimai da dagatai suka tsaya aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje, abin da wata takardar doka daga Abuja ba za ta iya ita kaɗai ba.

Bagega ta fi sauran girma, aikinta ya fi tsada, sai aka bar ta. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, a watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja kan lamarin, amma kuɗi ba su fito ba. Yara wajen 1,500 na jiran magani, likitoci na nan a shirye, ba damar farawa. Abin da ya motsa kuɗin shi ne matsin lamba: rahoton Human Rights Watch, kiraye-kirayen MSF, da gangamin da wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka yi a intanet da sunan ceto Bagega, wanda daga gare shi shirin Follow The Money ya samo asali. A ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka share Bagega a shekarar, aka fara ba yara magani. Matasan nan ba likitoci ba ne, ba su kuma riƙe da wani muƙami. Sun san nawa aka yi alkawari, sun san ma'aikatun da kuɗin za su bi, suka ƙi yin shiru. Da na karanta wannan a shekarata ta uku a jami'a na san aikin da nake so.

Sai dai labarin bai ƙare ba. A 2015 irin wannan guba ta kashe yara a Shikira ta Jihar Neja. A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin Zamfara ta janye daga gare shi. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a Afrilun 2019 saboda tsaro, ta ɗage haramcin a Disambar 2024, kuma kowa a Anka ya san ko a tsakanin ba a daina haƙa ba. A Maris na 2025 zinare ya haura dala 3,000. Ma'adinai a tsarin mulki na Gwamnatin Tarayya ne, lasisi daga Abuja yake fitowa, amma ƙurar a tsakar gidan mutumin Dareta take sauka. An riga an gwada hanyoyin rage haɗarin: niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, wanka da sauya tufafi kafin a koma gida, ware wurin aiki nesa da gari. Waɗannan abubuwa suna buƙatar wanda zai riƙa zagayawa yana dubawa kowane wata, da na'urar gwada jini da ke aiki a asibitin Anka da na Bukkuyum, da layi a kasafin kuɗi wanda ba ya ɓacewa. A nan ne kuma ake matuƙar buƙatar 'yan'uwanmu mata masu digiri, domin idan dakan ya koma cikin gida, namiji baƙo ba ya shiga.

Ko mamatanmu ba mu ƙirga ba

A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. A Satumbar 2024 kwale-kwalen da ke kai manoma gonakinsu ya kife kusa da garin Gummi, wasu rahotanni suka ce sama da 40 ne suka nutse, wasu suka ce 64. Makonni kaɗan kafin nan ambaliya ta rusa dubban gidaje a ƙaramar hukumar. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya a 2006 aka yi ta, tun kafin dalma, kafin 'yan bindiga, kafin mutanen ƙauyuka su cika garin Anka suna gudun hijira. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ba da adadin sama da mutum 190,000 da suka bar gidajensu a jihar tun daga 2011, da marayu sama da 25,000. Shekarun da suka biyo baya sun ƙara, amma wa ke riƙe da sabon lissafin gunduma-gunduma?

Wannan magana ce ta abinci da magani. Idan ba a san garuruwan da suka watse da inda mutanensu suka koma ba, taki zai tafi inda babu manomi, allurar rigakafi ta tafi inda babu yara, makarantar da ke cikin gari kuma ta cika ta batse da malamai biyu. Haɗarin Gummi ma haka yake. Manoman nan kullum suke tsallaka gulbi zuwa fadama, kowa ya san lokacin da ruwa ke cika, kowa ya san yawan mutanen da ke jiran jirgi da safe. Rajistar jirage, ƙayyade yawan fasinja, rigunan kariya daga nutsewa, ƙarin jirgi mai inji a watannin Agusta da Satumba: duk ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, in da akwai wanda aikinsa ke nan.

Ina ƙofar shiga?

A nan ne zuciyata ke yin nauyi. A tsakiyar shekarun 1970 Gusau na cikin wurare 3 na farko, tare da Funtuwa da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya, wanda daga baya aka yaɗa shi a duk jihohi. Iyayenmu suna tuna malamin gona a kan babur, ya san gonar kowa da sunan kowa. Yau yawancin waɗancan ma'aikata sun yi ritaya, ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen noma da sashen kasafi da tsare-tsare, amma ɗaukar sabon ma'aikaci ya yi wuya, in an tashi ɗauka kuma ba kasafai ake tallatawa ba. Ƙungiyoyin agaji suna biya da kyau, sai dai kwangilarsu ta watanni ce, kuma ranar da kuɗin mai bayarwa ya ƙare ranar aiki ke tsayawa. Shirye-shirye irin su ACReSAL da AGILE na rance ne masu wa'adi. Shi ya sa abokan karatuna da dama, masu kaifin basira, suka kama sana'ar POS ko suka nufi birane, kuma ba zan zarge su ba.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatarwar na tafiyar hawainiya, amma ko gobe kuɗin suka sauka a Anka, Bukkuyum da Gummi, sai an sami masu iya rubuta tsari, su fitar da farashi, su sa ido kan ɗan kwangila, su fito da rahoton da jama'a za su karanta da Hausa. In babu su, 'yancin zai tsaya a sayen motoci da rabon buhuna.

Na san akwai masu cewa duk wannan mafarki ne muddin ba a sami tsaro ba. Gaskiya ne ba mai zuwa ƙirga gonaki a dajin da ake sace mutane. Amma rikicin kansa yana da saiwa a cikin manufofin karkara: burtali da makiyaya da aka mayar gonaki, shari'ar manomi da makiyayi da aka riƙa cin hanci a kanta, matasan ruga da suka tashi ba makaranta ba asibiti, zinaren da ba a san mai shi ba. Soja da Askarawan Zamfara za su iya korar ɗan bindiga daga gari. Wanda zai zauna ya tantance gonar wane ce bayan shekaru ana gudun hijira, ya tsara yadda za a koma da iri da rijiya da makaranta, ma'aikacin farar hula ne da ya san ƙasar. Idan ba a fara horar da shi yanzu ba, ranar da aka sami lafiya za a rasa shi.

Yankin nan bai taɓa rasa masu ilimi ba. Gummi ce ta haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa. Sarkinta na yanzu, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya riƙe muƙamin Babban Jojin Abuja kafin ya dawo gida. Anka kuwa ita ke riƙe da sarautar Sarkin Zamfara. Abin da muka rasa shi ne hanyar da za ta riƙe masu karatu a gida ba tare da sun zaɓi yunwa ba.

Nan da watanni za a tura ni hidimar ƙasa inda Allah ya nufa, in na gama kuma gida zan dawo in nemi wannan aiki, ko a ƙaramar hukuma ko a ma'aikatar jiha. Roƙona ga Gwamna Dauda Lawal, wanda ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, shi ne ya duba inda waɗanda suka gama karatun za su shiga. A buɗe ɗaukar malaman gona da jami'an ƙididdiga da tsare-tsare a kowace ƙaramar hukuma, a tallata a rediyo, a yi jarrabawa a fili, a ware wa mata kaso mai tsoka. Shugabannin ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi su liƙa kasafin kuɗinsu a bangon sakatariya da Hausa. Ku kuma 'yan'uwana da muka gama tare, ko aiki ya kai ku Legas, ku nemi kasafin kuɗin jiharmu na bana, ku duba abin da aka rubuta wa gundumarku, ku kira gida ku tambaya ko an yi.